Kwalbar da Na Ba Hajiya Gambo

Ranar Lahadin da ta wuce Zalika, 'yar ƙanena, ta miƙo mini wayarta a tsakar gida tana nuna mini hoton wata na'ura. Na'urar kankare haƙori ce, irin ƙaramar nan da ake sayarwa a kasuwar Adjame, nan Abidjan, a shago ɗaya da cajar waya da gashin kanti. Ta ce za ta ajiye kujera a lungun shagon kitson ƙawarta, ta riƙa wanke wa mata haƙora.

"Tanti, c'est facile," in ji ta da Faransanci, wai abu ne mai sauƙi. "Ki kunna, ki ɗora, datti ya fita. Sai ki ba mutum maganin kurkure baki ya tafi gida. Na ga bidiyo. Minti goma ne."

Na mayar mata da wayarta, don da na buɗe baki a lokacin da maƙwabta sun fito. Shekara talatin da ɗaya na yi ina leƙa bakin mutane a wani ɗan asibitin haƙori a unguwar Treichville, har wuyana ya karkace gefe guda, yau kuma yarinyar da aka haifa ina kan aikin tana gaya mini minti goma ne. Ba ita kaɗai ba ce. Samari da 'yan mata da yawa sun tare ni da wannan magana tun da na ajiye aiki. Don haka zan faɗa muku sau ɗaya, a rubuce, yadda aikin yake, da abin da kwalba guda ta jawo wa wata mata da ta amince da ni.

Likitar da ta koya mini aiki sunanta Dokta Akisi, 'yar Baule ce, gajeriya, ba ta ɗaga murya. Ba don na san haƙori ta ɗauke ni ba. Rabin masu zuwa wurinta Hausa suke ji ko Zabarmanci ko Julanci, ita kuwa Faransanci da yarensu kawai take yi, tana buƙatar bakin da zai tsaya tsakaninsu. Wata huɗu na farko ban taɓa bakin kowa ba. Wankin kayan aiki nake yi: a jiƙa, a goge da buroshi, a ɗauraye, a shanya, a naɗe, a sa a tukunyar tururi. Idan ta ɗauki ƙarfe ta ga ɗigon abu a gabarsa, ba ta faɗa. Tiren gaba ɗaya take mayar mini da shi, in sake daga farko.

Kayan ba su da yawa. Akwai ɗan madubi mai dogon hannu. Akwai tsinken awo, siriri, mai zane-zanen milimita a jikinsa, wanda ake zura shi tsakanin haƙori da dasashi a ga zurfin wurin. Akwai kuret, ƙugiya ce mai kaifi a gefe guda, kowace da lanƙwasarta, wata ta haƙoran gaba, wata ta bayan turame. Akwai dutsen wasa su. Sai na'ura mai girgiza tana feshin ruwa, wadda ita kaɗai kuke gani a bidiyo, kuma ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Na'ura tana fasa babban ƙanzo. Abin da ya rage a ƙarƙashin dasashi, inda ido ba ya kaiwa, da yatsa ake jinsa ta cikin ƙarfe.

Ga yadda aka koya mini jin. Dokta ta tara haƙoran da aka cire, ta dasa su a cikin farar ƙasa, ta shafa wa saiwoyinsu jan farce, ta ce in kankare jan ba tare da na karce saiwar ba. Da na iya, sai ta ɗaure mini ido da ɗankwalina ta ce in sake. Bayan shekara biyu ta tura ni kwas na samo takarda, sannan ta bar ni da mutum mai rai, ita tana tsaye a bayana.

Abu biyu muke cirewa, kuma dole ku bambanta su. Na farko shi ne laushin nan fari-fari da za ka kankaro da farce a gindin haƙori idan ka tashi da safe. Likitoci suna ce masa plak. Mutane suna ɗauka ragowar abinci ne. Ba abinci ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne suka yi gida. Na biyu shi ne abin da plak yake zama idan ya daɗe, gishirin yawu ya shige shi ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Na farko asuwaki ko buroshi yana fitar da shi. Na biyu sai ƙarfe.

Na ga baki iri-iri. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa ba sa zuwa sai kunci ya kumbura ido ya rufe. Dattawan unguwarmu masu shayi zagaye uku, sukari kamar za a yi alewa, sukan ce ai da suka gama sun kurkure. Masu goro kuma suna zuwa da haƙora ja kamar tukunyar ƙasa, su ce a mayar musu fari kafin Juma'a. Amma bakin da ya fi kowanne tsabta a cikin waɗanda na riƙe shi ne na Hajiya Gambo, kuma a cikinsa na yi kuskuren da ya fi kowanne girma.

Hajiya Gambo 'yar Ƙonni ce, tana sayar da atamfa a benen kasuwar Treichville tun ban iya ɗaura zane ba. Asuwaki ba ya barin hannunta. Haƙoranta talatin da ɗaya fes suke. Na talatin da biyun shi ne haƙorin Makka, a sama, hannun hagu, kusa da fiƙa. An sa mata shi shekarar da suka yi aikin hajji da mijinta, kuma shekara biyu bayan dawowarsu ya rasu. Ta sha ba ni labarin tana kan kujera, bututun zuƙe yawu a gefen bakinta. Wai Alhaji ya tsaya a ƙofar shagon masu sa haƙorin yana jiranta cikin rana, da ta fito ta yi masa murmushi sai ya ce, "To, yanzu kika zama Hajiya."

Wanda bai sani ba yana zaton haƙorin Makka zinari ne dunƙule. Hula ce kawai, siririya, ake cusa wa haƙorin mutum a liƙe da siminti. Masu sa wa alhazai sauri suke yi, layi yana bayansu. Sau da yawa bakin hular ba ya kwanciya daidai a gindin haƙori, sai ya bar ɗan tudu da ɗan rami a daidai dasashi. Ta Hajiya haka take. Duk lokacin da na bi wurin da tsinken awo sai ya sarƙe. Wuri ne da ya fi ko'ina buƙatar guga, kuma shi ne kaɗai wurin da asuwakinta ba ya zuwa. Kewaye shi take yi. Idan ta gama sai ta goge fuskar zinarin da bakin mayafi har ya yi ƙyalli.

"Hajiya, ki riƙa sa masa asuwaki a gindi," nake ce mata duk zuwa.

"Ke Rabi, zinari ne fa. Cinyewa yake yi. Ba ki ga awarwaro ba yadda yake sirancewa a hannu?"

"Awarwaro shekara nawa yake yi yana gugar ƙarfe da turmi?"

"Ni dai ba zan ƙarar da abin da Alhaji ya saya mini a bakin itace ba. Ai ga ki nan. Aikin me kike yi?"

Haka muka zauna shekaru. Duk wata shida ta zo, in kankare abin da ya taru a gindin hular, in yi mata faɗa, ta ce mini yarinya mai baki, ta tafi. Dasashin yakan yi ja, amma ƙashin da ke riƙe da haƙorin yana nan lafiya.

Sai shekarar rikici ta zo. Waɗanda ke Abidjan a lokacin ba sa buƙatar in tuna musu. Wuta ta riƙa ɗaukewa kwana da kwanaki, tukunyar tururi ba ta tashi, kuma idan ba ta tashi ba, ba mu da ƙarfe ko ɗaya da za a sa a bakin mutum. Ranar da Dokta ta ce mu rufe, da hantsi, ina naɗe kaya a kwali, sai ga Hajiya. Dasashin haƙorin ya kumbura, jini yana fita idan ta taɓa. Lokacin kankarewarta ya wuce da wata biyu. Na duba da ido kawai, don ba abin da zan iya yi mata. Na buɗe kabad na ɗauko kwalbar maganin kurkure baki, irin mai ƙarfin nan da muke ba mutum bayan an yi masa aiki.

Ga abin da na ce mata, kalma da kalma, don ta maimaita mini shi daga baya kuma ban iya musu ba: "Safe da yamma, sati biyu. Wannan yana kashe su duka, Hajiya, ba ya barin ko ɗaya."

Na faɗa ne don hankalinta ya kwanta. Amma ba zan ɓoye ba, ni ma a lokacin haka na ɗauka. Shekara goma sha tara ina aikin, hannuna ya ƙware, amma a kaina lissafin mai sauƙi ne: ƙwayar cuta ce ke kawo ciwo, a kashe ta, ciwo ya tafi. Lissafin Zalika ke nan na yau.

Wata biyar muka yi a rufe. Hajiya ta tafi Ƙonni ta jira gari ya lafa. Kafin ta hau mota ta bi ta Adjame ta sayi katan guda na maganin a wurin wani mai tebur da bai tambaye ta takardar likita ba, bai gaya mata cewa ba a wuce sati biyu ana amfani da shi ba. Jinin ya ragu, kumburin ya sauka. A wurinta an gama magana: ta sami abin da ke wanke zinari ba tare da ya taɓa shi ba. Da ta dawo kasuwa har ta koya wa hajiyoyin layinsu masu haƙorin Makka. Da muka buɗe na aika mata sau biyu ta zo, ta ce a gaya mini lafiyarta lau. Shekara ɗaya da rabi ban ga bakinta ba.

Ranar da ta zo, tuffa ta gatsa ta ji haƙorin ya motsa. Ta zauna ta buɗe baki. Haƙoranta masu farin nan duk sun yi ruwan ƙasa, harshen ma haka, don maganin yana rina baki idan an daɗe a kansa. Ita ta ɗauka goro ne. Zinarin kuwa yana ta ƙyalli. Na zura tsinken awo a gindinsa. A lafiyayyen dasashi milimita biyu ko uku yake shiga ya tsaya. Nan ya wuce biyar, ya wuce shida, bai tsaya ba sai a takwas. Da na zaro shi mugunya ta biyo. Na sa kuret na ɗebo abin da ke ƙarƙashin bakin hular. Ban taɓa ganin plak mai kauri da danƙo irinsa a bakinta ba, yana biyo ƙarfe yana ja.

"Hajiya, me kike sa wa haƙorin nan?"

"Abin da kika ba ni."

"Sati biyu na ce."

"Kin ce sati biyu, kin kuma ce yana kashe su duka. Wanda ya kashe duka a sati biyu, a shekara me zai bari? Ko fashi ban yi ba, Rabi. Ko ranar da na yi zazzaɓi sai da na kurkura."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta yi wauta ba. Ta bi maganata har ƙarshenta ne.

Bayan ta tafi na tsaya a gaban Dokta na ce ta bayyana mini. Mata ta shekara ɗaya da rabi tana zuba wa ƙwayoyin nan guba safe da yamma, ta yaya gidansu ya fi da kauri? Dokta ta ce sai ta nuna mini da idona. Ranar Asabar ta ce in raka ta ɗakin gwaji na wata ƙawarta. Can aka kawo ɗan faranti da aka shuka ƙwayoyin bakteriya a kai, sun tsiro ɗigo-ɗigo kamar gero. Dokta ta ɗiga wani ruwa mai kaifi, dangin ruwan toka, a kan gilashi. Ta ɗebo ɗigo guda na ƙwayoyin da ɗan madaukin waya ta cuɗa a ciki. Ta ce, "Yanzu duk sun mutu. Ruwan ya fasa su." Sai ta ɗaga wayar a hankali. Wani zare ya biyo ta daga gilashin, siriri, mai yauƙi, ya miƙe ya kai tsawon gabar yatsa bai tsinke ba.

"Wannan fa?" na ce.

"Abin da ke cikinsu ne. ADN."

Shi ne abin da a rediyo ake ce wa DNA, zaren gado da kowace halitta ke ɗauke da shi. Ni a da ina jinsa ne kawai a maganar gano uban yaro. Ban san abu ne da za a iya ja da waya ba. A cikin ƙwaya guda a naɗe yake tam, amma ya fi ƙwayar tsawo nesa ba kusa ba. Idan ta fashe sai ya warware ya fito, kuma yana da danƙo. Duk wadda ta taɓa yanka kuɓewa ta san abin da nake nufi. Tana nan a bushe a hannunki, kina sa mata wuƙa yauƙi ya kama allo.

Abin da Dokta ta bayyana mini a hanyarmu ta komawa, a cikin woro-woro, tasin nan ta haɗaka, shi ne wannan. Ƙwayoyin baki ba sa zama ɗai-ɗai. Gini suke yi. Kuma tun ba a sa musu magani ba, wasu daga cikinsu suna fashewa da kansu, akwai sinadarin da suke yi mai narkar da bangon jikinsu. Zaren da ya fito daga waɗanda suka fashe yana mannewa a jikin haƙori, ya riƙe waɗanda ke raye, ya kama sababbin zuwa, ya haɗu da wani danƙon da suke yi daga sukari, ginin ya ƙara tsayuwa. Wato gawarsu kayan gini ce. Idan ginin ya yi kauri, magani na sama-sama kawai yake samu. Zaren ma yana kama wani ɓangare na maganin ya riƙe shi a waje, na can ƙasa suna zaune lafiya. Wasu masu ran har sukan tsinci guntun zaren matattun su haɗa da nasu, su gaji wani hali da ba su da shi. Ta ce a ɗakin gwaji, idan plak sabo ne, ana iya sassauta shi da sinadarin da ke yanka zaren, amma idan ya tsufa wannan ma ba ya isa.

"To waɗanda maganin ya kashe, ina suke zuwa?" na tambaye ta.

"Ina za su je? Wa ya share su?"

Ku lura da kyau, ban ce maganin ne ya ci haƙorin Hajiya ba. Magani ne mai kyau a wurinsa: a kankare tukuna, a goge, sannan a kurkura na ɗan lokaci don sababbi kada su yi saurin kafuwa. Abin da ya yi mata shi ne ya kashe na sama, ya rage jinin da ke gargaɗinta, ya bar ginin yana nan yana cin ƙashi a ɓoye. Tukunyar miyar kuɓewa ba ta wankuwa don an zuba mata tafasasshen ruwa. Sai an sa soso. Kowace mace a Treichville ta san wannan a madafa, ni ma na sani, amma ban kai shi bakin mutum ba sai da aka nuna mini zare a kan gilashi.

Hoton ƙashi da muka ɗauka ya nuna fiye da rabin ƙashin da ke riƙe da saiwar ya tafi. Dokta ta ce in akwai sauran dama, sai an cire hular, a ga abin da ke ƙarƙashi, a kankare saiwar har ƙasa. Hajiya ta ce ba a isa ba. Sati uku tana ƙi. Ranar wata Laraba na hau benen kasuwa na same ta tana auna wa wata 'yar Baule yadi.

"Ga mai kwalba nan," ta ce wa maƙwabciyarta. "Ku ɓoye haƙoranku."

"Hajiya, na zo ne ki zaɓa. Ko a cire hular yau, wataƙila haƙorin ya tsira, ko ki bar ta su fita tare."

"Wataƙila?"

"Wataƙila. Ba zan sake ce miki duka ba."

Hajiya ta dube ni. "Da haka kika yi magana wancan karon, da ba mu zo nan ba." Ta naɗe yadin ta miƙa wa mai saye. "Zan zo. Amma a tafin hannuna za a sa shi. Kada in ji ƙararsa a cikin tiren nan naku tare da ruɓaɓɓun haƙoran mutane."

Haka aka yi. Dokta ta zare hular a hankali, ko lotsawa ba ta yi ba, na wanke ta na sa mata a hannu, ta dunƙule. Abin da ke ƙarƙashi baƙi ne, simintin ya daɗe da narkewa, gefen haƙorin ya ruɓe. Zama uku na yi a kan saiwar nan, kowanne kusan awa guda, da kuret mafi siranta da nake da ita, ina bi milimita bayan milimita har na ji ta yi santsi kamar gilashi. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba. Hajiya kuma ta bi duk abin da aka ce. Ta sayi buroshi mai laushi da ɗan ƙaramin da ke shiga tsakanin haƙora, ta ajiye kwalba. Dasashin ya daina jini, ya koma kalar lafiya. Amma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa don an yi ladabi daga baya. A wata na uku haƙorin ya sake tara mugunya, yana lilo ko da harshe ta taɓa shi. Dokta ta cire shi. Bai ɗauki minti biyu ba, babu abin da ke riƙe da shi.

Mai haɗa mana haƙoran roba ya yi mata farantin haƙori guda mai maƙalawa, ya ɗora hular zinarin a kan na robar. Wanda bai sani ba ba zai gane ba. Daga hajiyoyin layinsu da ta koya wa kurkura, uku na samu na kankare da wuri, haƙoransu suna nan. Tun daga lokacin ban sake miƙa wa kowa kwalba ba sai ya nuna mini da hannunsa yadda yake goge gindin haƙori. Wasu sun ji haushi, sun ce ina mayar da su yara. Na bar su da haushinsu.

Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai idan na bi ta Adjame na ga an rubuta a allo ana farar da haƙori nan take. Na'urar ba ta da tukunyar tururi a bayanta, daga bakin wannan sai bakin waccan. Babu tsinken awo, don haka ba wanda ya san ko akwai rami mai milimita takwas a ƙarƙashin abin da ake sa wa ƙyalli. A ƙarshe a miƙa wa mace kwalba a ce mata yana kashe ƙwayoyin cuta, ta tafi tana godiya. Ni da takardata da likita tsaye a bayana na faɗi jimla guda ba daidai ba, mata ta rasa abin da ba a sayarwa. Ku da bidiyon minti goma, mutum nawa za ku gaya wa?

Ranar Litinin na ce wa Zalika ta sa takalmi ta raka ni kasuwa. Hajiya Gambo tana nan a benen, ta tsufa, jikarta ce ke yankan yadi, ita tana zaune a kan tulin atamfa tana ba da umarni. Na gaishe ta na ce ga 'yar ƙanena, tana son ta shiga aikin haƙori, ta ce abu ne mai sauƙi.

"Mai sauƙi?" in ji Hajiya. "Zo nan, 'yata. Matso, ba na cizo. Da me ma zan ciza?"

Ta yi wa Zalika murmushi, zinarin ya haska. Sai ta sa yatsa biyu ta zaro farantin ta ɗora a tafin hannunta. Inda zinarin yake sai giɓi, dasashin ya lotsa ciki. Zalika ta ja baya ta taka yadin mutane.

"Kin gani? Safe da yamma nake cire shi in goge da buroshi da sabulu, ciki da waje. Shekara goma sha ɗaya ke nan." Ta juya shi a hasken ƙofa, ta miƙo mini kusa da fuska. "Rabi, duba. Ya ragu?"

"Bai ragu ba, Hajiya."

"Ko kaɗan. Ashe ba ya cinyewa. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya miki. Duk wata shida."

"Kin faɗa," ta ce, tana mayar da shi bakinta, ta danna da babban yatsa har ya zauna. "Amma ta kwalbar kika faɗa da ƙarfi."